Sunayen da Baba Sanda Wanzami Ya Tafi da Su

Shekara bakwai ke nan da muka kai Baba Sanda wanzami makwancinsa, a ƙauyenmu da ke bakin kogi, kusa da garin Abu Hujar. Shekara ashirin da biyu yana yi mini aski, ban taɓa miƙa wa wani kaina ba. Ranar da ya rasu na ɗauka mai aski kawai na rasa. Sai daga baya na gane ya tafi da sunayen kakannina, kuma har yau nemansu nake yi.

Mahaifina ya rasu ina goye, na tashi wurin kawunnaina a garin Hajj Abdalla, sai da na zama saurayi na dawo gida noma. Akwai wani ƙullutu a ƙeyata, kowane mai aski sai ya yanke ni a wurin. Wata ranar kasuwa na zauna gaban wani dattijo a gindin dogonyaro. Bai ɗauki aska ba sai da ya bi kaina da yatsu, tun daga goshi har ƙeya. Ya ce, "Kai jikan Malam Buba ne. Ƙeyar gidanku ce wannan." Ya aske ni tas, ko ɗigon jini babu. Daga ranar na daina neman wani.

Gidansu ke yi wa gidanmu aski tun kafin a zo bakin wannan kogi, saboda haka shi ke riƙe da asalinmu. In yana aski yakan jero kakannin mutum ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jan carbi. Namu bakwai ne, har zuwa wanda ya baro wani gari a ƙasar Gobir da ƙafa, zai je Makka, ya tsaya nan. Ranar suna kuma da ƙarfi yake faɗar su a kan jariri, yana aske masa gashin haihuwa. Ni kuwa da ruwan sanyi ya taɓa kaina sai gyangyaɗi. Yakan ja mini kunne.

"Isiyaku, kana ji kuwa, ko jaki nika yi ma karatu?"

"Ina ji, Baba. Ai kana nan."

"Ina nan, ya zol, mutumina, amma ban ƙulla alkawari da Azara'ilu ba."

Da samari suka buɗe shagon aski mai inji da madubi, mutane suka watse masa. Hannunsa ma ya fara rawa. Sau da yawa nakan koma gida da auduga a kai, matata ta ce wata rana sai ya cire mini kunne. Ban bar shi ba. A lokacin ina alfahari da wannan, ina ganin na fi kowa riƙe amana. Kaina na kai masa duk mako biyu, amma abin da yake ta ƙoƙarin ba ni, ban karɓa ba.

Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da hannuna ya iya rubuta suna, na zauna in rubuta namu. Audu, Buba, Jatau. Nan na tsaya. Saura huɗu, da sunan garin, na neme su a kaina na rasa. Na je garin Sinja wurin ɗansa Haruna, mai tuƙa raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Ya karɓe ni da shayi, ya ce mini da Larabci shi bai taɓa sauraron wannan ba. Na ce zan bi tsofaffi gida gida bayan girbi. Kafin in gama, yaƙi ya riske mu. Waɗanda nake sa rai da su, wasu sun mutu a hanya, wasu ba a san inda suka nufa ba.

Nakan tambayi kaina me Baba Sanda zai ce da ya ga ƙauyen yau. Rabin gidajen babu kowa. Yaran da ya aske ranar sunansu sun bazu, suna haihuwa a garuruwan da ba wanda ya san kakansu. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai duba kawunanmu ne kawai, ya ce, "Wa ya yi muku wannan ɓarna?"

Watan jiya aka yi sunan jikana na fari. Wani saurayi ya zo da reza, ya aske yaron da kyau, bai ambaci sunan kaka ko ɗaya ba. Na ga bai kamata a tashi haka ba, sai na matsa kusa na ɗaga murya. Na faɗi sunan uban yaron, da nawa, da Audu, da Buba, da Jatau. Jama'a suna jiran sauran. Na tsaya baki buɗe, har liman ya tausaya mini ya ce a shafa Fatiha.

Abin da ya rage na Baba Sanda a hannuna ke nan, sunaye uku da ko ba shi ba da na sani. Allah Ya jiƙansa, shi ya yi nasa. Na rubuta ukun a takarda na ba ɗana, na bar layi huɗu a ƙasa babu komai. Ya duba, ya ce me za a sa a nan. Na ce ya ajiye haka.