Tsiro Uku a Bayan Gidan Kakata

Jiya na tsuguna a bayan gidan kakata da muke zaune a Gagarawa, gaban tsiro uku da damina ta fito da su, 'yata kuma tana ɗaki tana kukan ciwon ciki. Ina murza ganyen farko, sai ƙanshinsa ya dawo mini da kakata, wadda ta rasu shekara biyu ke nan.

Ita ba ta tsinkar ganye sai ta juya karansa tsakanin yatsu. Wata rana ta ce mini, "Kin ji kusurwa huɗu? To, dangin na'ana'a ne. Wannan ɗaɗɗoya ce, ana dafa ta don ciki. Waccan sarakuwar sauro ce, turara ta ake yi don korar sauro."

Hankalina yana kan waya, na ce, "Na gane, Inna." Ta yi dariya, ta manna mini ganyen a hanci.

Jiya kuwa duka ukun kusurwa huɗu gare su, kuma duk suna ƙanshi. Na shaƙa, na sake shaƙa, har hancina ya daina rarrabewa. Wanne zan dafa? Na ukun ma mene ne sunansa? Na bar su, na goya yarinyar zuwa asibiti.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Inna, Ya yafe mini "na gane" ɗin da na ce miki alhali ban gane ba.