Idon Inna

Hoton da ya fi ba ni wahala a duk yawon da na yi da kyamara ba na dorina ba ne, ba na tsuntsun daji ba. Hoton mahaifiyata ne tana kallona.

Ni ne ɗan farinta. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. Tun da aka yaye ni, Goggo, yayar mahaifina, ta ɗauke ni zuwa Birnin Kebbi, a hannunta na tashi a unguwar Badariya. Inna tana Ambursa. In na je gaishe ta, bango take amsa wa. In abinci za ta ba ni, sai ta ce da wani, "A kai ma wancan." Na san tana sona, don kwanona ya fi na kowa nama. Amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da na sayi kyamara sai na zama ɗan yawo. Duk ranar da ba aiki, in hau babur in bi hanyar Argungu. Na ɗauki masunta kwance kan gora a tsakiyar ruwa, na ɗauki fadama lokacin da shinkafa ta fara ja, da masu ban ruwan albasa da laka har gwiwa. Mutanenmu ba su gudun hoto. Da ka ɗaga kyamara mutum zai yar da abin da yake yi, ya gyara hula, ya ƙura maka ido kamar ka ci masa bashi. Har shanu sun kalle ni. Inna ce kaɗai ta ƙi.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko zare ta kasa sa wa allura, daga baya ta koma gane mutane da murya. An ce a yi mata aiki, ta ce sai ta yi shawara, shawarar kuwa ba ta ƙare ba. Tsoro ya kama ni. Na ce a raina, kafin idon nan ya tafi sai ya sauka a kaina, ko da sau ɗaya ne, kuma sai na riƙe shi a hoto.

Na mai da Ambursa wurin zuwana. Da hantsi nake isa, lokacin da take shanya shinkafar da ta turara. In na tsaya gabas ta juya yamma. In na zagaya, ta ɗaga faifai ta kare fuska, wai rana. Na tara hotunan bayanta, da gefen kunnenta, da hannunta cikin shinkafa, har sun ishe ni buɗe shago.

Wata rana na miƙa wa matata kyamarar, na koma zaure. Inna ta zauna mata daram, har da murmushi. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kowa ya gani sai ya yaba, aka ce to ai buƙata ta biya. Ni ban karɓa ba. Matata take kallo a ciki, ba ni ba.

Bayan an yanke shinkafa na ɗauko Goggo muka tafi tare, don ita kaɗai ke iya yi wa Inna magana kai tsaye. Tun a hanya take yi mini faɗa.

"Kai dai ba ka da ta ido. Uwarka ka tasa gaba da wanga abu? Mu da munka tashi, wa yat taɓa jin haka?"

Duk da haka ban mai da kyamarar jaka ba.

Mun tarar da Inna zaune kan turmin da aka kifa, tana tsince tsakuwar shinkafa a faifai da lalube. Suka gaisa. Goggo ta ce, "Ɗan naki dai ya hana ni sakat. Wai sai kin dube shi."

Inna ta ci gaba da tsintarta. Can ta ajiye faifan, ta gyara ɗankwali, ta ce da Goggo, "Bar shi ya ɗauka. Ni yanzu mi nika gani? Duk hayaƙi na."

Ta ɗago fuska ta saita ni.

Ban taɓa ganin idon mahaifiyata sosai ba sai ranar. Ya yi fari-fari a tsakiya, gefensa kuma irin nawa ne sak. Na saita kyamarar na danna. Na sake dannawa. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini, don na samu abin da nake nema, amma a lokacin da ta ce ba ta ganina. Na sauke kyamarar daga fuskata.

Goggo ta ce, "To, ya gama."

Inna ba ta kau da kai ba. Ta ci gaba da dubana, a hankali, daga hula har haɓa, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Sai da ta gaji don kanta sannan ta sunkuya ta jawo faifanta.

Ta ce da Goggo, ƙasa-ƙasa, "Ashe har hurhura ta hito mishi ga gemu."

'Yan silin furfurar nan, ko matata ba ta lura da su ba tukuna.