Kar-Ka-Motsa da Wuyan Lauya

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, a wani ɗaki mai sanyi can ƙarshen baranda, ba taga, ƙofa kamar ta kurkuku. Yakan ce rabin mutanen gari ya san su ta ciki, amma in sun haɗu a hanya ba ya gane fuskar ko ɗaya. A ɗakin nan ya samo sunan da ya bi shi har gida: Kar-Ka-Motsa.

Da ya yi ritaya, kowa ya zaci kiwon kaji zai kama kamar tsararrakinsa. Sai ga shi ya shigo da kyamara da wani dogon lensi, wato gilashin da ake ɗaura mata a baki. Uwargida ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Malam, wannan tabaryar fa? Ai tamu ba ta karye ba."

A kan iyali ya fara gwaji. Sai ya jera jikoki jikin bango ya daka tsawa: "Ɗaga haɓa! Ja numfashi! Riƙe!" Hotunan suka riƙa fitowa kamar na mutanen da 'yan sanda ke nema. Surukarsa kuwa, da ta ji ƙarar zif ɗin jakar kyamara, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da gida ya gagara, ya koma wajen wasu dattawa shida masu ɗaukar hoto don nishaɗi. Duk Asabar da yamma suna haɗuwa a benci bayan shagon mai gyaran agogo, ana miƙa waya hannu zuwa hannu, ana musu a kan wane lensi ne ya fi. A cikinsu, bakin wanda ake kira Lauya ya fi na kowa tsawo. Ya yi yawon ƙasashe, kuma kowane hoto shi ne a tsakiya, ya tokare rabin dutse ko rabin teku.

"Barista," in ji Mai-Agogo, "kai ka je ganin dutsen, ko shi ya zo ganinka?"

Shi kuwa Kar-Ka-Motsa, ido ya riga ya lalace da aiki. A miƙa masa hoton faɗuwar rana a kan ruwa, sai ya ɗaga wayar sama kamar yana neman haske, ya ce, "Wannan mai kwalekwalen ya taɓa karyewa a kafaɗa, kuma ɗorin bai yi kyau ba."

"Malam, rana muke nuna maka! Rana!"

Wata Asabar Lauya ya dawo daga bakin teku da hoto ɗari biyu, duk ya ɓalle maɓallin wuya yana shan iska. Kar-Ka-Motsa ya tsaya a kan guda ɗaya, ya buɗe shi da yatsu biyu, ya ƙura masa ido. Sannan ya nemi a ba shi na bara. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Barista, haɗiyi yawu in gani."

"In haɗiyi me?"

"Akwai kumburi a gefen wuyanka na hagu. Bara babu shi."

"Ƙiba ce. Abincin otal."

"Ƙiba ba ta zaɓar gefe guda."

Lauya ya fizge wayarsa, ya ce shi hoto ya kawo, ba katin asibiti ba. Asabar biyu bai leƙo ba.

Abin ya tsaya wa Kar-Ka-Motsa a rai. Ya san shi ba likita ba ne, amma ya sha ganin irin wannan kumburi, ya kuma san yadda ake ƙarewa in an yi sake. Ya kira waya, ba a ɗauka ba. Sai ya saɓi dogon lensinsa, ya je ya rakuɓe bayan wata mota daura da ƙofar kotu. Safiya uku yana fakon wuyan Lauya. A rana ta uku maigadi ya cafke shi, ya tambaye shi wa ya turo shi.

"Wuya nake ɗauka, ɗana."

Maigadi ya dube shi sama da ƙasa, ya sake shi, don bai san a wane ofishi ake kai irin wannan ƙara ba.

Kar-Ka-Motsa ya wanke hoto guda ƙato, ya zagaye wurin da jan biro, ya sa a ambulan, ya kai wa matar Lauya hannu da hannu. Ita ba ta san ɗage zama ba. Washegari da hantsi Lauya yana zaune a layin ganin likita, ta riƙe masa makullin mota a jakarta. Aka yi gwaji, aka yi aiki, likita ya ce sun zo a kan lokaci.

Bayan wata guda Lauya ya dawo benci da tabo a wuya. Muryarsa ta dishe har tsawon wata biyu, abin da Mai-Agogo ya ce shi ne babbar ribar da ƙungiya ta taɓa samu. Bai yi godiya ba. Ya zaro hoton daga jaka, ya ajiye a gwiwa, ya ce cikin raɗa, "Haske ya yi yawa. Kuma ya karkace." Kar-Ka-Motsa ya karɓa ya duba, ya yarda ya karkace. Daɗin da ya ji ranar, ko takardar yabon da aka ba shi a wurin aiki ba ta ba shi irinsa ba.

Tun daga nan dattawan suke zuwa benci da riga a rufe ruf har maƙogwaro, ko ana zafi. Mai-Agogo kuwa ya daina nuna hoton kowane ɗan Adam, sai na bishiyoyi.