Kwamfutar da Aka Zuba wa Toka

A layin masu buga katin biki da ke Tudun Wada a Gusau, idan ka tambayi Mas'udu, ce maka za a yi wane Mas'udun. Amma ka ce Ma'u mai bidiyo, kafin ka rufe baki an nuna maka shagonsa. Abin dariyar shi ne rabon mutumin nan da ya ɗauki bidiyon wani har ya manta, tun da waya ta shigo ta kashe musu sana'a. Yanzu katin gayyata da kalanda yake tsarawa a wata 'yar laftof. Sai dai suna in ya bi mutum, ya bi shi ke nan.

Ƙarƙashin teburinsa akwai wata ƙatuwar baƙar kwamfuta, irin ta da, mai nauyin buhun gero. Maƙwabtansa sun sa mata suna Hajiya Babba. Duk wanda ya shigo sai ya tsokane shi, "Ma'u, yaya jikin Hajiya? Ta buɗe ido kuwa?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce da sauƙi. Ba ya son wasan, amma bai taɓa nunawa ba.

Ma'u ɗan wani ƙauye ne a bayan Kucheri, ƙasar Tsafe. Mahaifinsa Malam Jatau manomi ne, mai gero da dawa da 'yan shanun huɗa, mutum mai murya kamar ana buga ganga, wanda in ya yi kira daga gona sai an ji a gida. Ma'u ne ɗan fari, don haka mahaifiyarsa Inna Tambaya ba ta taɓa kama sunansa ba, “wanga yaro” take ce masa har ya yi furfura. Bai gaji noma ba. Tsafe ya tafi ya koyi ɗaukar bidiyon biki da suna, ya buɗe shago, ya sayi wannan kwamfuta ta hannu, wadda aka ce a can inda ta fito masu zanen gine-gine ne ke aiki da irinta. A zamaninta kuwa ba ta da ta biyu a Tsafe. Tana da katin hoto, wato wani faranti da ke cikinta mai tura hoto zuwa sikirin, wanda faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, har da fankarsa ta kansa.

Kakar da ya sayi kyamara, gida ya fara kai ta don gwaji. Ya tarar ana shigar da gero rumbu, Malam Jatau na can sama yana karɓar dammuna, sai ya ɗauka. Inna Tambaya na hango abin ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Daga baya ya yi ta roƙonta ta zo Tsafe ta kalla, ta ce Allah ya sawwaƙe ta zauna gaban ɗanta tana kallon mijinta. Ya zuba bidiyon a kwamfuta, ya ɗora bikin wasu a kan kasat ɗin, yana cewa gobe zai kwafe, jibi zai kwafe. Wa ke gaggawar adana hoton uban da yake gani duk Juma'a?

Da sana'a ta ja baya ya rufe shago ya nufo Gusau neman abin yi, ya kai kwamfutar ɗakin Inna ajiya. A shekarar ne Malam Jatau ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Sannan daji ya lalace, aka fara jin labarin masu shiga ƙauyuka suna bin ɗaki ɗaki. Inna ta dubi amanar ɗanta, ta ga ba za ta bari a ɗauke ba. Ta sa aka sauke ta a gindin rumbun wake. Da ta duba ta ga jikinta duk ramuka ne, sai ta ce a ranta ta nan gara za ta shiga. To ita kuwa abin da ake so ya daɗe, magani ɗaya ta sani. Ta tankaɗe toka mai laushi, irin wadda take zuba wa waken iri, ta bi kowace kafa ta ɗura, ba ta bar ko ɗaya ba. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta yi.

Damina ta wuce a kanta, raɓa ta shiga. Duk macen da ta taɓa tace ruwan toka don miya ta san abin da toka ke zama in ta jiƙe, har ƙarfe tana ci. Ranar da suka taso daga ƙauyen gaba ɗaya, Inna ta bar tukwanenta da turminta, amma ta ce sai an sa kwamfutar a mota. Da suka iso ta ce, "Ga kayanka nan, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba." Ma'u ya kwance murfin, toka ta zubo masa a ƙafa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri." Bai taɓa gaya mata ba, kuma ya gargaɗi matarsa Safiya kada ta kuskura.

Da farko bai damu sosai ba, ya tura ta ƙarƙashin tebur ya ci gaba da neman abinci. Abin da ya tashe shi tsaye idon Inna ne. Tun da ta zo birni take cewa tana ganin hazo, aka kai ta asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, saura ma a hankali zai bi. Wata rana da hantsi tana zaune tana tsince shinkafa da laluben hannu, sai ta ce, kamar ba da kowa take ba, "Wanga yaro, hoton nan da ka ɗauka ranar gero, yana nan kuwa?" Matar da ta ƙi kallo mijinta na raye, yau ita ke tambaya. Ya ce yana nan, zai nuna mata.

Daga ranar ya shiga hidimar Hajiya Babba. Ya kwance ta gaɓa gaɓa, ya hure da buloya, ya bi da burushi da sifirit. Ya kunna, fankoki suka yi gurnani, ta yi ƙara ɗit ɗit ɗit, sikirin baƙi ƙirin. Ya zare ram, ɗan siririn fallen nan na ƙwaƙwalwarta, ya goge haƙoransa da robar goge fensir, ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya sake kunnawa. Ƙarar ta daina. Rubutu ya fito fari a kan baƙi, tambarin Windo ya fara juyawa, Ma'u ya miƙe tsaye yana hamdala. Sai allon ya yi ƙifta ɗaya ya ɗauke. Kai, ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Wani zai ce, to ya cire faifan ajiyar ya sa a wata kwamfutar mana. An gwada. Faifan biyu ne a haɗe, bakinsu ba irin na yanzu ba ne, kuma ba sa buɗuwa sai a cikin gidansu. Ramukan sa filas kuwa, su ne inda Inna ta fi ɗura toka, duk sun yi kore sun mutu. Bidiyon na ciki, ba ƙofar fito da shi.

Abokinsa Rabi'u, mai gyaran kwamfuta a Bungudu, shi ya ce masa matsalar ta direba ce, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da katin hoto. Katin ya ci toka ya raunana, da zarar direban ya tashi ya ɗora masa cikakken aiki sai ya faɗi. Ya ce ya shiga ta ƙofar baya, wadda masu gyara ke kira sef mod, inda kwamfuta ke tashi ba tare da direban ba. Ma'u ya gwada, sai ga hoto ya tsaya, manya-manyan haruffa da koren zane-zane sun ratsa allon. Ya nemo bidiyon ya buɗe. Ga rumbu. Ga Malam Jatau a sama, hularsa ta karkace gefen hagu, yana motsi da tsalle-tsalle kamar mai sanɗa, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Ba sauti, domin ta ƙofar baya kwamfuta ba ta magana. Ma'u ya kifa kai a tebur ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Ya ɗauki allon da waya ya kai wa Inna. Ta kawo wayar dab da ido, ta juya ta, ta ce ita kore kawai take gani. Ya ce ta yi haƙuri, zai gyara ya fito tas, babba, a kawo ta shago ta gani. Ya goge direban, kwamfuta ta mayar da shi da kanta, kamar akuyar da ta saba da gonar mutane. Ya nemo wanda ya girme shi, ta ƙi karɓa. Ya nemo sabo, ta ce ba ta san shi ba. Ya hau mota zuwa Bungudu, Rabi'u ya tono masa wani tsohon kati a cikin tarkace, ya dawo da murna, sai ga shi katin yana son wata wayar wuta da Hajiya ba ta da ita. Har Rawayya ya je bin labarin wani mai irin injin, ya tarar an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan. Damina ta shiga ta fita yana wannan fama, kullum Inna ba ta tambaya, shi kuma kullum kunyar haɗa ido da ita yake.

Wata safiya Safiya ta miƙa wa Inna kofin koko, hannun Inna ya wuce ta gefensa. Ta sake miƙawa, ya sake wucewa. Ma'u na tsaye bakin ƙofa yana gani. Ya fita ya je shago ya zauna gaban Hajiya Babba, ya ji ya tsani injin, ya tsani kansa da goben da ya yi ta cewa. Ya danna makunni don haushi kawai. Tambari ya juya, allo ya ɗauke kamar kullum. A da nan take yake kashewa. Yau bai da ƙarfin miƙa hannu, ya bar ta. Can sai ya ji 'yar lasifikar cikinta ta yi kiɗan nan na buɗewar Windo. Ya ɗago kai. Ashe duk watannin nan tana tashi, gani ne kawai ba ta yi.

Ya koma ta ƙofar baya, ya saita bidiyon ya riƙa buɗe kansa da zarar ta tashi. Bayan la'asar ya ɗauko Inna a Keke Napep, ya zaunar da ita kan benci. Maƙwabta suka leƙo za su yi tsokanar da suka saba, suka ga fuskarsa, suka koma.

Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Hoton bai samu ba."

Ta ce, "To mi munka zo yi?"

Ya kunna. Fankoki suka yi gurnani, allo ya yi baƙi, suka jira. Sai ga kukan zakara, ga ƙarar dammunan gero, ga dariyar maza. Sannan muryar nan ta cika shagon, kamar daga gona.

"Tambaya! Ke Tambaya! Kawo muna ruwa, rana ta yi!"

"Na'am, Malam," in ji Inna. Har ta yunƙura, hannunta na laluben moɗa a gefen benci, kafin ta tuna inda take. Ta koma ta zauna a hankali, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar ranar.

Da sautin ya ƙare Ma'u ya share ido ya ce, "Da na so ki gan shi, Inna."

Ta juyo da idanun da ba sa ganinsa, ta ce, "Wa ya ce maka ban gan shi ba? Ga shi can bisa rumbu, hular nan tashi ta karkace hagu. Na gaji da gaya mashi." Ta gyara zama. "Sake kunna muna, wanga yaro. Ban kai mashi ruwan ba."