A-Tsaye da Ƙaramin Faifai

Shekara huɗu ke nan muna ofis ɗaya da ita, ban taɓa ganin ta shanye kofin shayi a zaune ba. Kujerar da aka ba ta ranar da ta kama aiki tana nan, amma jakarta ce ke zama a kai. Kwamfutarta kuwa a kan kwali biyu na takardar firinta ta ɗora ta, don ta riƙa aiki ba tare da ta zauna ba. Daga nan aka sa mata A-Tsaye, sunan ya bi ta har ƙofar gida.

Ni akawu ne a ɗakin ajiyar rahotanni na wata cibiya mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk rijiyar da aka haƙa, duk burtsatsen da aka gwada, akwai rahotonsa a wurinmu: zurfinsa, irin ƙasar da aka ratsa, da taswirar da aka zana da hannu. Aikina in ba rahoto lamba, in shigar da shi rajista, in ɗauki hotonsa da sikana, in ɗora shi a shafinmu na intanet, inda ɗalibai da masu haƙar rijiya ke saukewa. Aikinta ita shi ne ta tabbatar shafin bai mutu ba.

Mahaifinta gyaran rediyo yake yi, kuma a shagonsa ta taso. Ta ce benci ɗaya ne a shagon, shi ma rediyoyin mutane sun cinye shi, shi ya sa ba ta koyi zama ba. Ta yi shekara shida tana buga wa mutane takardu a wani shago, tana zuwa karatun kwamfuta Asabar da Lahadi. Yanzu tana da miji direban motar asibiti, da 'yan biyu mata, da mahaifiyarta da ke zaune a wurinta, wadda ke kiranta sau uku a rana ta tambayi inda aka ajiye abu. Takan maƙale wayar da kafaɗa, yatsunta na kan madannai, tana cewa, "Inna, yana saman firji. A'a, bayan gwangwanin madara. To ki sa gilashinki mana!"

Shafin namu a cikin wata na'ura yake zaune, a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda. Tsohuwa muke ce mata. Shekararta goma sha uku, fankarta na ƙara kamar keken ɗinki, kuma a watan da nake ba da labarinsa sau uku ta mutu da kanta. Shugaba ya ce ya gaji. Ya ce a kwashe komai daga cikinta, a miƙa ta sito, kamfanin da ke goge tsofaffin na'urori ya zo ya ɗauka ranar Alhamis ta mako mai zuwa da tsakar rana. Ɗakin ma ya riga ya yi wa direbobi alƙawarinsa.

A-Tsaye ta ce kafin a kai shafin sabon mazauninsa, sai ta fara tayar da kwafinsa a kwamfutarta. Na tambaye ta yadda shafin da ya cika ɗaki guda zai shiga abin da take sawa a jaka.

"Kwantena zan yi masa, Yaya Rajista," in ji ta. Haka take kirana. "Ba ta ƙarfe ba, kada ka je ka share wuri. Manhajar Tsohuwa ta tsufa, kwamfutar zamani ba za ta karɓe ta ba. To sai in keɓe mata wuri a cikin kwamfutata, in shirya shi sak yadda ta saba, ta ɗauka har yanzu tana ɗakinta. Kwantena ɗaya ta shafin, ɗaya ta rumbun bayanai, ɗaya ta bincike. In na ɓata abu, in rushe in sake ginawa, ba wanda ya ji ciwo."

Kwana tara ta yi a kai. Ta gina, ta rushe, ta gina. Allo ya cika da jan rubutu, ta ce masa, "Ƙarya kake yi," ta fita baranda ta zaga ta dawo. Wata rana rumbun bayanan ya tashi amma duk haruffa masu lanƙwasa sun koma alamar tambaya. Wata rana shafin ya tashi ba hoto ko ɗaya. Ta daina zuwa cin abinci, sai ta ɓare biskit tana tafiya tsakanin teburinta da ɗakin Tsohuwa. Na taɓa ƙirga mata, zuwa talatin da ɗaya a yini guda. Ni kaina da nake zaune sai na ji ƙafafuna sun gaji.

Ranar Laraba da hantsi ta yi ihu. Shafin ya tashi a kwamfutarta, launinsa, tambarinsa, har da kuskuren rubutun da ke kansa tun kafin ta zo.

"Nawa ne a rajistarka?" ta tambaye ni.

"Dubu takwas da ɗari huɗu da goma sha biyu."

Ta juyo da allon. Lambar ke nan daidai. Ta buɗe rahoto goma na farko, suka buɗe. Ta buɗe goma na ƙarshe, suka buɗe.

Na ce mata a wurinmu, duk lokacin da aka sauya wa rahotanni kanta, ɗaya cikin hamsin muke zarowa mu duba, daga farko har ƙarshe. Na ce ta bari in yi haka kafin a taɓa Tsohuwa.

"Haba Yaya! Wannan ba kanta ba ce. Kwamfuta ba ta yin rabin kwafi ta ɓoye rabi a aljihu. Guda ɗari da sittin da wani abu za ka buɗe ɗaya bayan ɗaya? Sai 'yan biyuna sun yi aure kana nan."

Masinja na tsaye da takardar sallamar na'urar. Ta dafa ta a jikin bango ta sa hannu. Kafin la'asar leburori biyu sun kashe Tsohuwa, sun zare wayoyinta, sun tura ta sito a kan baro. Ɗakin ya yi shiru irin wanda ban saba da shi ba.

Washegari na zo da wuri na ce ta ba ni kwamfutar duk da haka. Ta ba ni tana dariya, ta ce in kula kada in cika mata allo da tawada. Na fara daga hamsin. Ɗari. Ɗari da hamsin. Ƙarfe goma saura kwata na iso dubu huɗu da ɗari da hamsin. Sunan rahoton ya fito, shekararsa ta fito, sunan wanda ya rubuta ya fito. Na danna in buɗe shi, allo ya ce babu fayil. Na gwada na gabansa da hamsin. Babu. Na gaba ma babu.

"Ƙanwata," na ce, "zo ki gani."

Ta zo ta duba ta saman kafaɗata, ta janye kwamfutar gabanta, ta yi ta bugawa. Can ta daina. Guda ɗari shida da goma sha ɗaya ne a jere, ta ce. A inda fayil ɗinsu ya kamata ya kasance, wata 'yar alama ce kawai mai nuna cewa a je wani faifan ajiya dabam a same su. Alamar ta kwafo, abin da alamar ke nunawa ba ta kwafo ba.

"Wane faifai? Faifai ɗaya ne a cikin Tsohuwa. Ni na buɗe ta bara da hannuna!"

Ni kuwa lambobin sun riga sun tayar mini da hankali. Rahotannin shekara ɗaya da rabi ne, kuma su ne ke kan kantar da rufi ya yi wa yoyo lokacin wani dogon hutu. Da muka dawo sun zama dunƙule guda, muka kwashe su da shebur. Ba su da sauran kwafi a duniya sai hoton da na ɗauka.

Na sauko da rajista ta biyar na buɗe inda lambobin suka fara. A gefen shafin, da rubutuna na shekara takwas da suka wuce, akwai layi ɗaya: "Yau na'ura ta cika. Mai Salatif ya ƙara mata ƙaramin faifai ta baya, ya ce na ɗan lokaci ne."

Mai Salatif shi ne wanda ya riƙe aikinta kafin ta zo. Ba abin da ya taɓa lalacewa a ofishin nan da bai naɗe da salatif ba, har ƙafar gilashinsa. Da aka sayo babban faifai daga baya, ashe sababbin rahotanni kawai ya mayar can, bai kwaso na ƙaramin ba. Ya yi ritaya ya koma garinsu bai gaya wa kowa ba.

"Ta baya," in ji ta. "Bayanta na jingine da bango. Shekara huɗu ban taɓa jawo ta ba." Ta kalli agogo. Goma da minti ashirin.

Ban taɓa sanin baranda tamu na da tsawo haka ba. Ta riga ni isa sito da nisa. Na tarar tana fama da Mai Sito, wanda ya tare ƙofa da cikinsa.

"Hajiya, ke kika sa hannu. Abin da ya shigo nan da takarda, da takarda yake fita."

"Ba fitar da ita zan yi ba, Kawu, bayanta kawai zan leƙa."

"Bayan tsohuwa? Ba kunya?"

"Kawu, wallahi in ba ka matsa ba ta kanka zan bi."

Ya matsa. Muka juya Tsohuwa. Ga sawun salatif nan, murabba'i mai danƙo da ƙura ta zagaye, amma ba faifai. Mai Sito ya ce shi na'ura ɗaya aka rubuta masa, na'ura ɗaya ya karɓa. Tarkacen da leburori suka zare kuwa, sun watsa cikin kwalayen wayoyi da ke bakin ƙofar baya, waɗanda su ma motar kamfanin za ta kwashe.

Kwali goma sha huɗu ne. Ta kifar da na farko a ƙasa. Wayoyi baƙaƙe da farare sun sarƙe da juna, da matattun linzaman kwamfuta, da cajojin da ba wanda ya san na mene ne. Wayarta ta yi ƙara, ta maƙale ta da kafaɗa tana tonawa. "Inna, ba yanzu ba. Ban sani ba. Ki duba ƙarƙashin matashi." Ni ina mayar da abin da aka gama dubawa cikin kwali, ina sa masa alama da biro don kada mu maimaita. Mai Sito ya tsaya yana mita a kan wanda zai share masa wuri, daga baya ya tattare rigarsa ya durƙusa shi ma.

Muna kwali na tara muka ji hon a bakin get. Motar ta zo da wuri. A-Tsaye ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Kawu, je ka ba su labari. Kowane iri."

Ya tafi. Muna jiyo shi yana tambayar direban lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da ta surukai.

A kwali na goma sha ɗaya ta zaro shi, abu kamar sabulun wanka, wayarsa na reto, salatif ya naɗe shi har ya yi ruwan ƙasa. A jikinsa an rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A CIRE. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba.

A ofis ta haɗa shi da kwamfutarta. Ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru, sannan ya kama. Ba ta buɗe komai ba sai da ta kwafe shi wuri biyu. Daga nan ta ƙara layi ɗaya a takardar umarnin kwantena, ta nuna mata inda faifan yake yanzu, ta rushe ta sake ginawa. Dubu huɗu da ɗari da hamsin ya buɗe: taswirar wata rijiya, da zanen bishiya a gefe inda mai binciken ya nuna gabas.

Na ce sai mu ci gaba da ɗaya cikin hamsin. Ta ce a'a, waɗannan duka za mu buɗe. Ta ɗauke jakarta daga kan kujera ta ajiye a ƙasa, ta jawo kujerar kusa da teburina, ta zauna. Ina karanta lamba da yawan shafuka, tana buɗewa tana cewa "akwai". Yini biyu muka yi. Ƙafarta ba ta daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur ba, har birona yana gangarowa.

Ɗari shida da takwas suka buɗe lafiya. Uku sun lalace a cikin faifan, ko tun da can, ko a faɗuwarsa cikin kwali, ba mu sani ba. Ta yi mako guda tana gwada dabaru a kansu, ta ceto rabin ɗaya. Biyun sun tafi. Ita ta je da kanta ta gaya wa Shugaba, ba ta ambaci Mai Salatif ba, ta ce ita ta sa hannu kafin ta duba. Da ta dawo ta ce in rubuta a rajista, a gefen lambobin biyu, da kwanan wata da sunanta. Na ce ba sai da suna ba. Ta ce in sa.

Ranar Litinin jakar ta koma kan kujera. Ta fara shirin kai shafin sabon mazauninsa, tana kai da kawowa tsakanin taga da kwalayenta, kofin shayi na hucewa a kan firinta. Da ta zo wucewa ta gaban teburina ta ƙwanƙwasa rajista ta biyar da yatsa.

"Yaya Rajista, sauran littattafan nan, akwai wani abin da ka rubuta a gefe?"

Na ce akwai, ba kaɗan ba.

"Sauko da su duka. Ka karanta mini ina aiki."