Ewald Mai Sharar Bututun Hayaƙi

Ewald Pawelke ya gaji sharar bututun hayaƙi daga ubansa, kuma babu rufin gidan da bai taka ba a kewayen titin Bernauer. Dogo ne, marar yawan magana, kullum cikin baƙaƙen kaya da doguwar hula. In ya gifta da safe, mata kan tare shi su murza maɓallin rigarsa don neman sa'a, shi kuwa ya tsaya cak har su gama. Gidan da suke haya a gabashin Berlin yake, amma da ka fito ƙofa ka taka bakin titi, ka shiga yamma. Da matarsa Traudel, da 'yarsu Barbel mai shekara biyar, da tsohuwarsa Ottilie wadda ɓarin jikinta ya shanye, haka suke zaune a hawa na uku.

Wata Asabar ta watan Agusta a 1961, Traudel ta ɗauki yarinyar suka tsallaka yamma, unguwar Wedding, wajen ƙanwarta da ta haihu. Ta ce masa ga miyar dankali nan a tukunya, gobe da rana suna nan tafe. Da gari ya waye, sai ga sojoji sun ja waya mai ƙaya sun raba garin biyu. Ba a daɗe ba aka ƙulle ƙofofin gidajen da ke kallon titin, aka buga musu ƙusa.

Taga ce kawai ta rage. Traudel kan zo ta tsaya a ƙasa, Barbel riƙe da hannunta, su ɗaga kai.

"Ewald, ka ga mutanen hawa na biyu sun diro jiya? 'Yan kwana-kwana sun tare su da raga. Kai da ka saba yawo a sama kamar kyanwa, me kake jira?"

"Mama fa? In jefo miki ita?"

"To ni in dawo ke nan?"

"Kada ki kuskura. In kun shigo ba fita. Wannan wayar ba za ta kai Kirsimeti ba, ki yi haƙuri."

Tsohuwa tana kan gado tana jin su. Da ya rufe taga ta ce, "Kai dai sakarai ne tun kana yaro. Ka dira mana! Ni wa zai sace ni?"

"Wa zai juya ki in bayanki ya gaji, Mama?"

"Gwamnati mana. Ba ita ce ta ce tana sonmu har ta kulle mu ba?"

Ya yi dariya, ya gyara mata matashi. Ya san in ya tafi, gidan gajiyayyu za a kai ta, ba kuwa za ta ga bazara ba.

Kafin sanyi ya shigo aka zo da motoci aka kwashe mutanen titin duka, magina suna biye suna toshe tagogi da bulo. Aka kai shi da tsohuwa wani ɗaki a unguwar Pankow, can cikin gabas. Shugaban aikinsa ya kira shi ya ce daga yau ba zai ƙara hawa rufin da ke kusa da iyaka ba, tunda iyalinsa suna can. Duk da haka, daga wasu dogayen gidaje yana hango hasumiyar cocin unguwar da Traudel take. Yakan gama aiki ya zauna jikin bututu, ya ci burodinsa yana kallon wajen, har abokin aikinsa ya yi masa tsawa daga ƙasa.

Tsohuwa ta yi rai fiye da yadda kowa ya zata. Shi ke mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, tana zaginsa yana goge mata haɓa. Sa'ad da ta rasu, waya ta riga ta zama katanga mai hasumiyoyi da karnuka, ana harbin duk wanda ya tinkare ta. Ya nemi izinin fita, aka hana. Ya sake nema, aka rage masa matsayi.

Sai a 1972 Traudel ta sami shigowa ziyarar yini guda. Ta yi ƙiba, ta rina gashi. Barbel ta zama budurwa, ta miƙa masa hannu kamar ta ga maƙwabci. Suka zauna a kicin, ya zuba musu gahawa, kowa na duban kofinsa. Can Traudel ta ce, "Ewald, akwai wani mai gyaran famfo da ya daɗe yana taimakonmu. Mutumin kirki ne."

Ya daɗe yana juya cokali. "Yana yi wa yarinyar faɗa?"

"Ko sau ɗaya."

"To shi ke nan. Ki turo takardun saki."

Da ya yi ritaya aka yarje masa tsallakawa, kamar yadda ake wa tsofaffi. Ya sauka gidan Barbel. Jikokinsa suna jin kunyarsa, mijin Barbel yana ta ba shi giya don kada shiru ya yi yawa. Traudel ta zo da mijinta suka gaishe shi. Barbel ta ce ya zauna da su gaba ɗaya, akwai ɗaki. Ya ce shuke-shukensa na can babu mai ba su ruwa. Bai cika mako ba ya tattara jakarsa ya koma Pankow.

Ya rasu a farkon 1989, da ciwon huhu. Tsofaffin abokan aikinsa ne suka ɗauki makara, sanye da baƙaƙen kayansu. Barbel ta fito da furanni tun da safe, amma layin bakin iyaka ya riƙe ta, ta iso an riga an mayar da ƙasa.