Neman Fuskar Baba a Rawayau

Dutsin-Ma

Bayan sallar asuba na fito, Mama tana bi na da addu'a. Takarda ɗaya zan je karɓowa: tsohon zanen Japan, irin wanda ake sassaƙawa a katako, a shafa tawada, a buga. Wani injiniya ɗan can ne ya ba Baba lokacin da suke haƙar rijiyoyi tare. A zanen, wani jarumi ne riƙe da takobi, ruwan sama na zuba a kansa, ya haɗe gira. Baba bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. In na dame shi sai ya nuna zanen: "Ga ni nan, Hafsatu." Wallahi girar tasa ce sak. Da ya rasu, akwatinsa ya tafi wurin ƙanwarsa, Gwaggo Indo.

Kurfi

Mu huɗu aka cusa a bayan mota. Sau biyu aka tsayar da mu a shingen bincike. Direba ya leƙo ta madubi: "Malama, ko ta'aziyya za ki ne?" Na ce a'a. A tasha na sayi ƙosai na kasa ci. Mai babur ya ɗauke ni, muka ratsa gonakin gero.

Rawayau

Da hantsi na isa. Gwaggo ta rungume ni, ta dama mini fura.

"Gwaggo, zanen Baba fa?"

"Yana nan, 'yata. Na ma gyara shi."

Ta buɗe akwatin. Ga takobi, ga sulke, ga ruwan sama. Daga wuya zuwa sama kuwa huji ne, an zagaye shi da reza.

"Malam ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto sai an cire kan. Kayan Yaya ne a ɗakin nan, ina so rahama ta riske shi."

"Kan fa, Gwaggo?"

"Murhu mana."

Tana murmushi, tana jiran godiya. Na ce, "Allah ya saka da alheri."

Gida

Da la'asar na iso. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da furarta. Mama ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallon hujin.

"Ke kina tuna yadda yake haɗe girar?"

Na rufe ido na nema. Takobin kawai na gani.